Tata na Chasselay: Tarihin Maƙabartar Sojojin Afirka a Wani Ƙauyen Faransa

Gabatarwa

A arewa maso yammacin birnin Liyon na ƙasar Faransa, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, akwai wani ƙauye mai suna Chasselay, wanda masu garin ke furtawa Shasle. Ƙauye ne na manoma, an fi saninsa da lambunan 'ya'yan itatuwa. Wanda ya fita bayan gari ya bi hanyar da ta nufi ƙauyen Les Chères zai tarar da wani gini a tsakiyar gonaki wanda bai yi kama da kowane gini na wannan ƙasa ba. Katanga ce ja, kamar an yaɓe ta da jar ƙasa, tsayinta ya kusa mita uku, ga hasumiyoyi masu tsini a kusurwoyinta da bakin ƙofarta, an caccake su da itatuwa irin yadda ake gani a jikin hasumiyar masallacin Agadas ko masallatan Tambutu. Ƙofar ta katako ce, an sassaƙa fuskoki takwas a jikinta.

Wannan gini maƙabarta ce, sunanta Tata. A cikinta akwai kaburbura 196: 188 na sojojin Afirka ta Yamma, shida na sojojin Afirka ta Arewa, biyu kuma na rundunar nan ta Faransa da ke ɗaukar 'yan ƙasashen waje. Kusan dukkansu sun mutu a watan Yuni na 1940, mafi yawa a cikin kwana biyu, kuma da dama daga cikinsu an kashe su ne bayan sun riga sun ajiye makamai.

Ana iya karanta labarin wannan wuri a matsayin labarin yaƙi, kuma shi ɗin ne. Amma abin da ya ratsa shi tun daga farko har ƙarshe shi ne maganar suna. Ƙasar da mutanen nan suka yi wa yaƙi ta haɗa su duka ta laƙaba musu sunan ƙasa guda. Waɗanda suka kashe su sun so su bar su ba kabari ba suna. Tun daga ranar har yau, aikin da ake ta yi a Chasselay shi ne ƙoƙarin mayar wa kowane mamaci sunansa.

Su wane ne maharban Senegal?

Faransawa sun kira waɗannan sojoji *tirailleurs sénégalais*, wato maharban Senegal. An kafa rundunar a 1857, zamanin Gwamna Louis Faidherbe, lokacin da mulkin Faransa a yankin bai wuce gaɓar kogin Senegal da wasu garuruwan bakin teku ba. A wancan lokaci sunan ya dace. Amma da mulkin ya faɗaɗa, ya haɗiye ƙasashen Bambara da Mosi da Zabarma har ya kai Damagaram da Tafkin Cadi, sai sunan ya zauna yadda yake. Duk baƙin sojan da ya sa kakin Faransa ɗan Senegal ne a takarda, ko daga Gini ya fito, ko Kwaddibuwa, ko Dahomai, ko Nijar. Saboda haka idan mai karatu ya ga an rubuta cewa 'yan Senegal ne ke kwance a Chasselay, ya sani akwai 'yan Senegal na ainihi a cikinsu, amma akwai kuma mutanen Gini da na ƙasar da ake kira Mali a yau da na wasu ƙasashen, masu harsuna daban-daban, waɗanda bariki ne kaɗai ya haɗa su.

Yawancinsu ba da son ransu suka shiga soja ba. A Yaƙin Duniya na Farko an ɗebi samari da ƙarfi har abin ya jawo bore, wanda mafi girmansa shi ne na yankin kogunan Bolta da Bani a 1915 da 1916. A 1918 gwamnatin Faransa ta aika Blaise Diagne, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa a majalisar dokokinta, ya zagaya yankin da alkawura, ya samo mata sojoji fiye da 60,000. Kimanin 30,000 daga sojojin Afirka ta Yamma ba su dawo daga wancan yaƙi ba. Da yaƙin ya ƙare, maimakon a sassauta, sai aka kafa doka a 1919 wadda ta mayar da ɗibar soja abin kowace shekara. Kowane yanki ana yanka masa adadi, kwamandan yanki ya ɗora wa sarakuna, sarakuna su kawo samari, likita ya duba, a jefa ƙuri'a. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa zai yi shekara uku. Kamar yadda aka saba a irin wannan al'amari, ɗan mai hali yakan sami hanyar kuɓuta, nauyin ya sauka a kan ɗan talaka da ɗan bawa. Wasu kuwa sukan tsallaka iyaka su shiga Nijeriya ko Gwalkwas har lokacin ɗibar ya wuce.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, aka sake tara su. A watannin Mayu da Yuni na 1940, sojojin Afirka ta Yamma kimanin 40,000 ne suka fuskanci Jamusawa a ƙasar Faransa.

Ƙiyayyar da ta riga yaƙin

Ba za a fahimci abin da ya faru a Chasselay ba sai an koma baya shekara ashirin. Bayan an ci Jamus a 1918, Faransa ta girke sojoji a yankin kogin Rhin na Jamus, a cikinsu har da 'yan Afirka. Masu ra'ayin riƙau na Jamus suka ɗauki wannan a matsayin cin mutunci da gangan, suka ƙaddamar da farfagandar da suka kira "baƙin abin kunya". Jaridu da hotunan bango har da lambobin ƙarfe aka buga, ana nuna baƙin soja a siffar dabba mai farautar matan Jamus. Hitila ya maimaita wannan zance a littafinsa, kuma bayan ya hau mulki, a 1937, aka kama ɗaruruwan yaran da sojojin suka haifa da matan Jamus aka yi musu aikin da zai hana su haihuwa.

Samarin da suka shigo Faransa cikin kakin Jamus a 1940 da wannan tatsuniya aka yaye su. A ƙarshen watan Mayu kuma ma'aikatar farfaganda ta Goebbels ta sake hura wutar, aka yi ta yaɗa cewa baƙaƙen sojoji suna yanka fursunoni da adda. Gaskiya ne adda tana cikin kayan aikin da Faransa ke ba su, kuma gaskiya ne sukan yi faɗa mai tsanani idan an ritsa su, musamman da suka gane cewa miƙa wuya ba zai cece su ba. Amma kisan fursunoni ya zama ruwan dare ne daga ɓangaren Jamusawa. An yi shi a Aubigny a watan Mayu. An yi shi a Airaines ranar 7 ga Yuni, inda aka harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, haifaffen Gabon, domin ya ƙi yarda a raba shi da sauran hafsoshi a jera shi da ƙananan sojoji saboda launin fatarsa. An yi shi a dajin Eraine, inda aka haɗa da hafsoshi Turawa da suka tsaya wa sojojinsu. A birnin Chartres, ranar 17 ga Yuni, Jamusawa suka azabtar da babban jami'in lardin, Jean Moulin, don ya sa hannu a takardar ƙarya da ke ɗora wa sojojin Afirka kisan farar hula, ya ƙi. Masanin tarihi Raffael Scheck, wanda ya bi takardun sojan Jamus da na Faransa, ya ƙiyasta cewa baƙaƙen sojojin da aka kashe ta wannan hanya a 1940 sun kai tsakanin 1,500 da 3,000.

Kwana biyu na watan Yuni

Jamus ta auka wa Faransa ranar 10 ga Mayu. Ranar 14 ga Yuni aka shiga Faris. Ranar 17 ga wata Marshal Pétain, sabon shugaban gwamnati, ya yi jawabi a rediyo ya ce lokaci ya yi da za a daina faɗa. Kashegari aka ayyana Liyon a matsayin birnin da ba za a kare ba, bisa roƙon magajin garinsa Édouard Herriot, don kada a ragargaza shi. A idon kowa dai yaƙi ya ƙare, saura sa hannu.

To, me ya sa aka ci gaba da faɗa a arewacin Liyon? Dalilin shi ne Italiya ta shiga yaƙin ranar 10 ga Yuni, kuma rundunar Faransa da ke tsaunukan Alp tana fuskantarta. Idan Jamusawa suka gangaro kudu da sauri, za su ɓullo mata ta baya. Ana bukatar wanda zai tsayar da su ko da na kwana ɗaya ne. Aka ɗora wannan aiki a kan wasu tarkacen rundunoni, ginshiƙinsu kuwa ita ce runduna ta 25 ta maharban Senegal, mai mutum sama da 2,000. Aka shimfiɗa su a kan layi mai tsawon da ya fi ƙarfinsu, daga kogin Saône zuwa garin L'Arbresle, su tare manyan hanyoyi biyu da suka gangaro Liyon daga arewa, hanya ta 6 da ta 7. Umurnin da aka ba su shi ne su tsaya, babu ja da baya. Makaman da za su iya huda tankar yaƙi kuwa 'yan kaɗan ne a hannunsu.

A gefen hanya ta 6, kan wani tudu kusa da Chasselay, akwai gidan sistoci na Montluzin. Nan aka girke wani ɓangare na kamfani na uku, tare da 'yan igwa Turawa waɗanda asalin aikin igwoginsu harbo jiragen sama ne. Sistocin ba su gudu ba, suka mayar da gidansu wurin jinyar masu rauni. Da hantsin ranar 19 ga Yuni motocin rundunar Jamus mai suna Grossdeutschland suka iso shingen hanya, suna ɗaga farin ƙyalle suna cewa an riga an sa hannu a kan sulhu. Ba a sa ba, sai ranar 22 ga wata aka sa. Masu tsaron suka buɗe wuta. Aka yi ta gwabzawa har wajen la'asar, sannan aka ci ƙarfinsu. Da Jamusawa suka shiga gidan, suka bi ɗaki-ɗaki da lambu suna ƙarasa duk baƙin sojan da suka tarar, mai rauni da mai lafiya, suka haɗa da wasu daga 'yan igwar.

A wannan rana da kashegarinta an yi irin haka a gefen hanya ta 7, inda rundunar Totenkopf ta 'yan SS ta bi, a L'Arbresle da Éveux da Lentilly. A cikin Liyon kanta, a unguwar Vaise, an jera fursunoni 27 a jikin bango aka harbe su.

Sauran kamfani na uku, a ƙarƙashin Kyaftin Gouzy, sun ja sun shiga wani tsohon katafaren gida mai suna Plantin, a gefen Chasselay. Suna da damar su sulale cikin dare, amma suka zauna. Ranar 20 ga Yuni da rana Jamusawa suka dawo da tankoki. Aka yi faɗa har harsashi ya ƙare, kyaftin ya ba da umurni a miƙa wuya. Nan take aka raba fursunonin kashi biyu, baƙaƙe a gaba, Turawa a baya. Gouzy ya yi magana, aka harbe shi a gwiwa. Aka kora su a kan hanyar Les Chères, baƙaƙen hannuwansu a sama. Da aka kai wani fili da ake kira Vide-Sac, inda tankoki biyu suke, aka ce wa baƙaƙen su bar hanya su shiga gona. Suna shiga aka buɗe musu wuta ta baya da bindigogin tankokin, sannan tankokin suka bi ta kan waɗanda suka faɗi, matattu da masu sauran numfashi. Kimanin mutum 50 suka mutu a wurin, a gaban idon abokan aikinsu Turawa, waɗanda aka wuce da su Liyon a matsayin fursunonin yaƙi. Shaidar waɗannan Turawa da ta mutanen ƙauyen ita ce ta adana labarin.

A nan ya kamata a faɗi abin da littattafan yabo ba su cika son faɗa ba. Kafin a zo ga laifin wanda ya yi kisan, wanda babu shakka a kansa, akwai tambaya a kan wanda ya ajiye mutanen nan a wurin. Manyan hafsoshin Faransa sun san gwamnatinsu ta nemi sulhu, sun san an buɗe ƙofar Liyon, kuma labarin abin da Jamusawa ke yi wa baƙaƙen fursunoni ya riga ya bazu tun makonni. Duk da haka rundunar Afirka aka sa a bakin hanya. Ana iya kawo hujjar soja, kuma tana da ƙarfinta, domin 'yan sa'o'in da aka saya sun amfani rundunar Alp. Amma wanda ya yanke shawarar ya san a hannun wa kuɗin cinikin zai fito.

Mutanen ƙauye da wani ma'aikacin gwamnati

Jamusawa sun hana a yi wa mamatan jana'izar girmamawa. A wurare da dama ma sukan cire ɗan ƙarfen lamba da sojan Faransa ke ɗaurawa a wuyan hannu, wanda shi ne kaɗai shaidar ko wane ne shi. Mutanen Chasselay ba su bar gawawwakin a gona ba. Mazan ƙauyen suka fito suka haƙa dogon rami suka binne su. Kafin a rufe, aka tattara abin da aka samu a jikinsu, lamba ko ɗan littafin soja ko wasiƙa, aka rubuta aka adana a ofishin magajin gari. Matar da ke riƙe da kantin maganin ƙauyen ta yi jinyar waɗanda aka tsinta da rai, wasu manoma kuma suka ɓoye waɗanda suka tsira a gidajensu, alhali suna sane da abin da zai same su in an gane. Waɗannan mutane ba su san harshen mamatan ba, ba su san addininsu ba, wataƙila mafi yawansu ba su taɓa ganin baƙar fata ba sai a wannan mako. Amma 'yan takardun da suka tsinta su ne tushen duk wani suna da ke rubuce a Tata a yau.

A farkon watan Yuli Jamusawa suka janye daga Liyon, yankin ya faɗa cikin ɓangaren da ba a mamaye ba, ƙarƙashin gwamnatin Pétain mai mazauni a Vichy. A nan ne wani mutum mai suna Jean Marchiani ya shigo labarin. Tsohon sojan Yaƙin Duniya na Farko ne, kuma shi ne babban sakataren ofishin kula da tsofaffin sojoji da naƙasassun yaƙi na lardin Rhône. Ya bi ƙauyukan da aka yi faɗan ɗaya bayan ɗaya, yana tattara shaida, yana ƙirga kaburbura a bakin hanya da gefen gonaki, yana haɗa jerin sunaye. Sannan ya kawo shawarar a tara mamatan duka a wuri ɗaya. Gwamnati ba ta ba da kuɗi ba. Marchiani ya sayi filin Vide-Sac da kuɗin aljihunsa, ya buɗe gidauniya, jama'a suka yi karo-karo. A 1942 aka tono gawawwakin daga ƙauyukan kewaye aka kawo su, aka sake binne kowa a kabarinsa, aka kewaye su da jar katanga.

An buɗe maƙabartar ranar 8 ga Nuwamba, 1942. A wajen bikin an barbaɗa ƙasar da aka kawo daga Dakar, domin mamatan su kwanta a cikin ƙasar gida ko da ta tafin hannu ce.

Mai karatu zai iya tambaya: yaya aka yi gwamnatin da ke haɗa kai da Jamus, wadda ita kanta ta kafa dokokin wariya, ta bari aka gina wa baƙaƙen da Jamusawa suka kashe irin wannan wuri, har ta halarci buɗe shi? Amsar tana Afirka. Bayan faɗuwar Faransa, ƙasashen da take mulka su ne kaɗai abin da ya rage mata na taƙama, kuma ana ja-in-ja a kansu tsakanin Vichy da Janar de Gaulle. Cadi, a ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, ta bi de Gaulle ranar 26 ga Agusta, 1940, Kamaru ta biyo baya kashegari. Afirka ta Yamma kuwa, har da Nijar, ta zauna a hannun Vichy ƙarƙashin Gwamna Janar Pierre Boisson, wanda ya kori harin da Ingilishi da mutanen de Gaulle suka kai Dakar a watan Satumba na shekarar. Saboda haka Vichy tana da bukatar ta nuna wa mutanen Afirka cewa ita ce uwar da ba ta manta da 'ya'yanta ba. Abin da Marchiani ya yi don mamata, gwamnati ta karɓa don siyasa, kuma a bakin hukuma an yi ta yabon jaruntar sojojin ba tare da an tsaya a kan yadda suka mutu ko wanda ya kashe su ba.

Ranar da aka zaɓa ta zo da abin da ba wanda ya shirya. Da asubahin wannan 8 ga Nuwamba sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya. Bayan kwana uku Jamusawa suka mamaye kudancin Faransa. Da aikin ya yi jinkirin mako guda, da wuya a ce an buɗe shi.

Kalmar tata

Ɗalibin harshe zai so ya tsaya a kan sunan. A Faransa an saba fassara *tata* da cewa kewayayyen wuri ne mai tsarki inda ake binne mayaƙan da suka faɗi a fagen fama. Fassara ce mai daɗin ji, amma asalin ma'anar kalmar a ƙasashen Mande da Senegal ita ce katangar ƙasa da ake kewaye gari ko gidan sarki da ita don tsaro, wato abin da Bahaushe ke kira ganuwa. Mafi shahara ita ce ta Sikaso a ƙasar Mali ta yau, wadda Sarki Tieba Traore ya gina, wadda Samori ya yi wa zobe fiye da shekara guda, daga 1887 zuwa 1888, bai iya fasa ta ba. Faransawa ne suka fasa ta da igwa a 1898, Sarki Babemba ya zaɓi mutuwa a kan kamu. Sojojin da suka kutsa ta ɓarakar kuwa maharban Senegal ne. Rundunar da aka yi amfani da ita aka rushe ganuwoyin Afirka, ita ce bayan shekara arba'in da 'yan kai aka gina wa ganuwa a Faransa.

Ginin ma haka yake. Ba magina daga Jenne ko Segu suka yi shi ba, Turawa ne suka zana shi bisa yadda suke ganin gine-ginen Sudan a hotuna. Fuskokin da aka sassaƙa a ƙofa ba su da alaƙa da al'adar jana'izar Musulmi, alhali Musulmi suna da yawa a cikin mamatan. Afirka ce irin ta tunanin Bature. Duk da haka ba daidai ba ne a raina shi. A zamanin da ake cewa waɗannan mutane ba cikakkun mutane ba ne, wani ya zauna ya yi tunanin irin gidan da zai yi kama da nasu, ya gina gwargwadon saninsa.

Bayan yaƙi

Sojojin Afirka sun dawo ƙasar Faransa a watan Agusta na 1944, cikin rundunar da ta sauka a gaɓar kudu, aka ƙwato Liyon ranar 3 ga Satumba. Kafin sanyin shekarar ya kama aka janye yawancinsu daga fagen daga, aka ba samarin Faransa kakinsu da makamansu. Ranar 1 ga Disamba, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tsofaffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka da suka dawo gida suna neman haƙƙinsu na albashi. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya ninka haka nesa ba kusa ba. Sai a watan Nuwamba na 2024 shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne. A 1959 kuma aka kafa dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yancin kai, ta yadda tsohon soja a Yamai ko Bamako ya riƙa karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na abokin aikinsa Bature. Fiye da shekara arba'in aka yi kafin a fara gyara wannan. Wanda ya san waɗannan abubuwa zai fahimci dalilin da ya sa furannin da jami'ai ke ajiyewa a Tata ba su cika burge zuriyar sojojin ba.

A 1966 gwamnati ta karɓi Tata ta sa ta cikin jerin maƙabartun soja na ƙasa. Ba a taɓa hukunta kowa a kan kisan Vide-Sac ba. Shekaru da yawa ana ɗora laifin a kan rundunar Totenkopf, abin da ya yi wa mutane da dama daɗi, domin ya dace da zancen da aka daɗe ana yi cewa 'yan SS ne kaɗai suka yi ta'asa, sojan Jamus na ainihi hannunsa tsaf yake. A 2019 wani mai tara tsofaffin hotuna ya sayi kundin hotunan wani sojan Jamus, ya tarar da hotuna takwas a ciki waɗanda aka ɗauka a Vide-Sac a ranar. Ana ganin fursunonin a tsaye hannu a sama, ana ganin tankokin, ana ganin gawawwaki a gona. Masanin tarihi Julien Fargettas, wanda ya daɗe yana bincike a kan wannan runduna, ya yi nazarinsu, aka buga su a 2020. Alamomin da ke jikin tankokin sun nuna na runduna ta 10 ta tankokin sojan Jamus ne, ba na SS ba. Bayan shekara 80, hoton da wani ya ɗauka don tunawa da nasara shi ya tona asirin masu laifin.

Saura sunayen mamatan. Matsalarsu ta faro tun daga ranar ɗiba, domin magatakardan Bature yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, ya ƙiyasta shekarar haihuwa, wani lokaci ya sa sunan gunduma a madadin ƙauye. Mutum ɗaya yakan fito da rubutun suna iri biyu ko uku a takardu daban-daban. Wanda aka cire wa ƙarfen lamba kuwa, a kundin soja sai a rubuta ya ɓata, kuma iyalai da yawa a Afirka abin da suka sani ke nan: ya tafi bai dawo ba. Kimanin kaburbura 50 a Tata ba su ɗauke da suna, kalmar Faransanci mai ma'anar "ba a san shi ba" ce kawai a jikinsu. Ta hanyar gwada rajistocin ɗibar soja da jerin waɗanda suka ɓata da takardun da mutanen ƙauye suka adana, masu bincike sun gano mutum 25 da suka mutu a waɗannan ranaku waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu a wurin ba. Ba a iya cewa ga kabarin wane ga na wane, don haka a watan Janairu na 2022 aka rubuta sunayen a kan alluna biyu aka kafa a cikin maƙabartar.

A ƙarshen Janairu na 2025 aka wayi gari an shiga Tata cikin dare an ɓata kaburbura da dama da fenti, abin da ya jawo tofin Allah tsine daga hukumomin Faransa da ƙungiyoyin 'yan Afirka. An wanke duwatsun. Kowace shekara a watan Yuni, da kuma ranar 11 ga Nuwamba, mutanen Chasselay da 'yan Afirka mazauna Liyon suna taruwa a cikin katangar, a yi addu'a, a karanta sunayen da aka sani.